Daga kwabo 20 zuwa naira 1,000: yadda direbobi suka yi ta fama da tsadar mai

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da kuma masu cewa sun fi jin daɗin karantawa. Yau a kan man fetur za mu yi magana, amma ta ɓangaren mutumin da ke riƙe da sitiyari. Shirin da ɗan tsawo, sai a gyara zama.

Bari in fara da abin da ya sa na ɗauko maganar. Ƙanina yana tuƙa adaidaita sahu a nan Kano. Mashin ɗin ba nasa ba ne, na wani bawan Allah ne, kullum yana kai masa balas. Wani dare bayan isha'i ya shigo gida, ya zauna gefen tabarmar Baba, ya zazzage aljihunsa a gabanmu. Ya ware kuɗin man gobe, ya ware balas, ya ware na tikiti. Abin da ya rage bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Sai ya dube ni ya ce, "Yaya, ni fa gobe zan mayar wa mutumin nan mashin ɗinsa. Tun asuba nake kan titi, ashe gidan mai nake yi wa aiki." Ga shi da mata da jaririya.

Shi Baba ya fi shekara talatin yana tuƙin haya, yawanci hanyar Kano zuwa Kaduna, kafin ido ya sa ya ajiye. Bai ce masa komai ba a daren, illa dai ya ce ya bari gari ya waye. Ni kuma sai abin ya tsaya mini a rai. Na yi dare uku ina zama da Baba ina tambayarsa yadda su suka yi a nasu zamanin, sannan na je na duba shekaru da farashin da ya ambata don in tabbatar. Abin da na tattaro ke nan na kawo muku.

Baba ya shiga tasha yana karen mota a 1972, shekarar da Najeriya ta bar tuƙi a hannun hagu ta koma hannun dama. Wata tara bayan nan, ranar 1 ga Janairun 1973, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo. A wannan shekarar gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ɗaga litar fetur daga kwabo 6 zuwa kwabo 8 da ɗoriya. Shekarar ce kuma ƙasashen Larabawa suka rage sayar wa Turawan Yamma ɗanyen mai, farashinsa ya yi tashin gwauron zabi a duniya, kuɗi suka yi ta kwararowa Najeriya. A 1975 kamfanin haɗa Fijo na Kaduna ya fara aiki, 504 ta cika tashoshin Arewa. A shekarar ce kuma aka kafa asusun daidaita farashin mai, wanda ke biyan kuɗin dako daga bakin teku, don mutumin Sakkwato ko Maiduguri ya sayi lita daidai da mutumin Legas. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Na tambayi Baba, a lokacin nawa kuke kashewa a mai? Ya yi dariya ya ce, "Mai? Ai mu ciwon kanmu taya ne da 'yan sandan hanya." Kuma lissafi ya gaskata shi. A 1978, zamanin Obasanjo na soja, lita ta koma kwabo 15 da ɗoriya. A 1982 Shehu Shagari ya kai ta kwabo 20. Tankin 504 yana cin kusan lita 60, wato da naira 12 ka cika shi fal. Mafi ƙarancin albashi kuwa naira 125 ne tun 1981. In ka raba, albashin ƙaramin ma'aikaci zai sayi lita 625. Yau mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, in lita tana naira 1,000, lita 70 ke nan zai saya. To kun ga inda gizo ke saƙar. Lambar da ke jikin famfon gidan mai ba ta da ma'ana sai ka haɗa ta da abin da ke aljihun fasinja.

Daɗin bai daɗe ba. Farkon shekarun 1980 farashin ɗanyen mai ya fara sauka a duniya, a 1986 ya faɗi warwas. Gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin tsuke bakin aljihu da ake kira SAP, aka karya darajar naira, fetur ya tashi daga kwabo 20 zuwa kwabo 39 da rabi. A Afrilun 1988 aka ƙara shi zuwa kwabo 42. Ƙarin kwabo biyu da rabi fa, amma zanga-zanga ta ɓarke daga Jos ta bazu zuwa wasu garuruwa, ma'aikata suka shiga yajin aiki. Matasan yanzu za su yi dariya, sai dai a lokacin mutane sun riga sun ji jiki, ƙarin ne kawai ya tunzura su.

A Janairun 1989 gwamnati ta gwada wata dabara: motocin haya su ci gaba da saye a kwabo 42, motocin gida kuma kwabo 60. Baba ya ce kafin sati ya zagayo kowa ya san yadda ake yi. Direban haya ya cika tankinsa a 42, ya zaga bayan layi ya zuƙe da tiyo, ya sayar wa mai motar gida a farashin da ke tsakani. Kafin shekarar ta ƙare aka soke tsarin, kowa ya koma kwabo 60.

Amma abin da ya fi gigita direbobi a wancan lokacin, in ji Baba, kayan gyara ne, don daga waje suke zuwa, naira kuma ta faɗi. Sabuwar mota ta fi ƙarfin mai haya. Daga nan ne tsofaffin motocin Turai, 'yan Beljiyam da 'yan Kwatano, suka fara cika ƙasa. Daga nan ne kuma ma'aikacin gwamnati, da ya tashi daga ofis, sai ya fito da motarsa ya yi kabu-kabu don ya cike giɓin albashi. Babur kuma, da yake ba ya shan mai sosai, ya zama abin haya. Acaɓar da muka taso muka gani ta cika Kano, wannan matsin ne ya yaɗa ta. Wato duk lokacin da mai ya yi tsada, abin hawan talaka sai ya ƙara ƙanƙancewa, daga tasi zuwa bas, daga bas zuwa babur.

Yanzu mu shiga shekarun 1990, waɗanda ni ma na fara wayo a cikinsu. A 1991 lita tana kwabo 70. A Nuwamban 1993 gwamnatin riƙon ƙwarya ta Cif Ernest Shonekan ta kai ta naira 5 a tashi ɗaya, ninki bakwai. Ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki, kafin a ce kwabo Janar Sani Abacha ya karɓi mulki ranar 17 ga watan, ya sauko da farashi zuwa naira 3 da kwabo 25. Shekara ba ta cika ba, a Oktoban 1994, ya kai shi naira 15, da aka yi ca sai ya dawo da shi 11. Da rarar wannan ƙarin aka kafa PTF, wadda Janar Muhammadu Buhari ya shugabanta, ta gyara hanyoyi ta kai magunguna asibitoci.

Naira 11 ɗin nan a takarda take. Matatunmu huɗu, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna da aka buɗe a 1980, waɗanda in suna lafiya za su tace ganga 445,000 a rana, sun fara lalacewa saboda rashin gyara. A 1994 ma'aikatan mai sun yi dogon yajin aiki a kan zaɓen 12 ga Yuni. Daga nan layin mai ya zama wani ɓangare na rayuwa. Ni da kaina na sha kai wa Baba tuwo a layin gidan mai. Motarsa takan kwana biyu, wani lokacin uku, a wuri ɗaya, in layi ya motsa sai a tura ta da hannu don kada a ƙona ɗan abin da ya rage a tanki. Direbobi sukan yi karɓa-karɓa, wasu su kwana su tsare motocin, wasu su je gida su yi wanka. In aka samu, sai a cika tanki a cika jarka.

A nan 'yan bumburutu suka yi ƙarfi. Galan-galan a bakin titi, daidai ƙofar gidan man da ya ce ba shi da mai. Na tambayi Baba ko ya taɓa sayar musu. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Akwai watan da in na sayar da tanki ɗaya na fi samun riba a kan in je Kaduna in dawo. Ku kuma kuna makaranta." Ban ƙara tambayarsa ba. Wannan hanyar ta ci mutane da yawa. Wasu 'yan bumburutun suna gauraya fetur da kananzir, inji ya buga. Wasu direbobin suna ɓoye jarkoki a ɗaki, gobara ta tashi. A Oktoban 1998, a garin Jesse na jihar Delta, bututun mai ya fashe, jama'a suka taru suna kwasa, wuta ta kama, ƙiyasin da aka fi ambata na mamata ya haura 1,000.

Akwai wani ɓangaren da mu 'yan Arewa muka sani sarai. Da yake man Najeriya ya fi na maƙwabta araha nesa ba kusa ba, sai ya riƙa tsallaka iyaka. Daga Jibiya zuwa Maraɗi, daga Illela zuwa Ƙonni, daga Maigatari zuwa Damagaram, daga Adamawa zuwa Garwa. A Nijar masu sayar da shi a kwalabe a bakin hanya ana ce musu 'yan ruwa-ruwa. Akwai direbobin da suka ƙara wa motocinsu girman tanki, fasinja na sama ne kawai, ainihin lodin yana ƙasa. Wannan ya sa a Nuwamban 2019 hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, direbobin garuruwan bakin iyaka suka koma yin doguwar tafiya kafin su sha mai a ƙasarsu.

Da aka dawo mulkin farar hula, sai aka shiga wani salo da ya yi ta maimaituwa. Gwamnati ta ƙara, ƙungiyar ƙwadago ta yi yajin aiki, gwamnati ta ɗan rage. Tun Janar Abdulsalami Abubakar ma haka aka yi, ya kai 25 a ƙarshen 1998, ya dawo 20. A Yunin 2000 Obasanjo ya kai 30, NLC ƙarƙashin Adams Oshiomhole ta tsayar da ƙasa, aka dawo 22. A 2002 ya zama 26. A 2003 aka kai 40, aka yi yajin aiki, aka tsaya a 34. Dab da zai sauka a 2007 ya kai 75, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya sauko da shi, a zamaninsa ya koma 65.

Me direbobi suka yi? A wannan zangon ne Baba ya rabu da 504 ɗinsa. Ya ce mota ce mai ƙarfi, amma tana shan mai kamar raƙumi. Tashoshi suka cika da Golf da Sharon da ƙananan motocin Japan. Sai kuma lodi ya canza. Kujerar gaba da aka yi don mutum ɗaya ta koma ta biyu, baya mutum huɗu, wani lokacin har but. Direba yana tuƙi gwiwar fasinja tana kan giya. Ko da gwamnati ta rage farashi bayan yajin aiki, kuɗin mota ba ya komawa inda yake, lodin ma haka. A Kano kuma, a 2005, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babura masu ƙafa uku don ɗaukar mata, ƙarƙashin shirinta na A Daidaita Sahu, sunan ya bi mashin ɗin har yau. Da aka hana acaɓa a birnin a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, dubban matasa suka koma adaidaita.

Na san da yawanku kun tuna 1 ga Janairun 2012. Ana tsakiyar hutun sabuwar shekara gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, lita ta tashi daga 65 zuwa 141. Mutanen da suka je ganin gida suka maƙale a ƙauyuka saboda kuɗin mota ya ninka. A Kano matasa suka kwana a dandalin Silver Jubilee, ranar 9 ga wata aka fara yajin aikin gama-gari, aka rasa rayuka a Kano da Legas da wasu garuruwa. Bayan mako guda aka tsaya a 97. Binciken majalisar wakilai na wannan shekarar ya gano an biya wasu kamfanoni tallafin man da bai taɓa shigowa ƙasar ba.

Bari in ɗan tsaya in bayyana tallafin nan, don wasu suna jin sunan kawai. A zamanin tallafin, muna haƙo ɗanyen mai mu sayar waje, matatunmu ba sa aiki, sai mu sayo tataccen da dala. In kuɗin sayowa da dako ya kai, a ce, naira 300 a lita, gwamnati kuma ta ce a sayar 165, cikon gwamnati ke biya. Duk lokacin da dala ta tashi ko ɗanyen mai ya yi tsada a duniya, cikon sai ya ƙaru. A 2022 kaɗai ya haura naira tiriliyan 4. Masu son a cire suna cewa kuɗin yana tafiya aljihun 'yan kasuwa da masu fasa-ƙwauri. Masu adawa suna cewa shi ne kaɗai abin da talaka ke gani a ƙasa daga arzikin mai. Kowanne yana da gaskiyarsa.

Daga 97 aka sauko 87 a farkon 2015. A Mayun 2016 gwamnatin Buhari ta kai 145. Sai ranar 29 ga Mayun 2023, Shugaba Bola Tinubu a jawabinsa na rantsuwa ya ce tallafin mai ya tafi. Kafin kwana uku, litar da farashin gwamnati bai kai 200 ba ta haura 500, a Kano 540. A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, ta yi ƙasa. A Yuli lita ta wuce 600. A Satumban 2024 ta kusa 900 a gidajen man NNPC, a Oktoba ta tsallake 1,000. Kun tuna asusun daidaita farashin da na ce ku riƙe? Yanzu babu wannan daidaiton, kuɗin dako yana kan mai saye, shi ya sa direban Maiduguri ko Sakkwato yake biyan fiye da na Legas a kan lita ɗaya. Matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur a Satumban 2024, kuma gogayyar da ta biyo baya ta ɗan sauko da farashi a 2025, amma bai ko kusanci inda yake da ba. Tankin 504 ɗin Baba na naira 12, a farashin 1,000, naira 60,000 ne.

Na ce da Baba, to wanne ya fi wuya, zamanin layi ko yanzu? Ya ce, "A zamaninmu mai ne babu, amma in ka samu, fasinja na nan yana jiranka har da roƙo. Yanzu ga mai a gidan mai, ba layi, fasinjan ne babu." Wallahi wannan maganar ita ta buɗe mini ido. Bayan Mayun 2023 tituna sun yi fayau. Mutane suka ajiye motoci, wasu suka koma keke, wasu ƙafa. Jihar Kwara har rage wa ma'aikata ranakun zuwa ofis ta yi zuwa uku a mako. A Abuja ma'aikatan da ke zaune Nyanya da Mararaba da Kubwa suka koma ɗibar fasinja a motocinsu safe da yamma don su haɗa kuɗin mai, kabu-kabun 1980 ya dawo da sabon kaya. Direban haya ya samu kansa a tsakiya, mai ya ninka sau biyar, shi kuma in ya ninka kuɗin mota sau biyar ba mai hawa.

Ga lissafi na misali. Mu ɗauka ɗan adaidaita yana ƙona lita 6 a yini. A naira 190, naira 1,140 ke nan. A naira 1,000 kuwa 6,000. Wato kullum sai ya nemo ƙarin kusan 5,000 kafin ya koma inda yake a da, ga balas ya ƙaru saboda mashin ya yi tsada, ga baƙin mai, ga taya, ga abincin gida.

To yaya suke yi? Na zauna da ƙanina da abokansa a inda suke fakin, na kuma leƙa tsohuwar tashar Baba. Abu na farko, yawon neman fasinja ya ragu. Da sai ka ga adaidaita tana zagaya unguwa ba kowa a ciki tana hon, yanzu sai a tsaya a mahaɗa a kashe inji har a cika. Wasu safe da yamma kawai suke fita, da rana su huta, don man da za a ƙona tsakanin azahar da la'asar ba ya mayar da kansa. Wanda ya yi sa'a yana da kwastomomin waya, ko 'yan makarantar da yake kaiwa ya ɗauko a biya shi a wata. Wasu mutum biyu suke raba mashin ɗaya, ɗaya safe ɗaya dare, su raba balas. Mai kuma ba a cika tanki, na dubu biyu ake sha, in an samu ciniki a ƙara. Direbobin doguwar hanya sun koma dogaro da saƙo, buhu da kwali da ambulan, wani lokacin kuɗin saƙo ne ribar tafiyar gaba ɗaya. Kuma ba mai juyowa ba lodi. Gara ya kwana biyu a tashar Kaduna yana jiran layinsa da ya dawo da kujeru huɗu ba kowa. Adashin 'yan tasha ma ya ƙara ƙarfi, don shi ke fitar da mutum ranar da inji ya buga.

Akwai kuma dabarun da ke kashe mutane, dole in faɗa. Na farko sa mota firi a gangara, wasu har kashe inji suke yi. Bakanike ya bayyana mini cewa a motar zamani mai injekta, in ka ɗaga ƙafa daga totur kana cikin giya, kwamfutar motar da kanta take yanke mai, don haka firi ba ya rage maka komai. In kuma ka kashe inji, birki yana yin tauri bayan taku ɗaya ko biyu, sitiyari ma haka. Na biyu, a sa bakanike ya matse kafireto fiye da ƙima don a rage shan mai, inji ya riƙa zafi, kuɗin da ka tara a wata uku ka kai wa mai gyara a rana ɗaya. Na uku lodin wuce ƙima a kan tsohuwar taya. Na huɗu, tuƙin dare da rana ba barci, har wasu su kai ga shan ƙwaya don su jure. Abin da ke rage shan mai da gaske ba shi da wani sirri: iskar taya daidai, fulogi mai kyau, matatar iska mai tsabta, da rage gudu. Kuma don Allah, in tankar mai ta faɗi, a guje ta. A Oktoban 2024, a garin Majiya na jihar Jigawa, fiye da mutum 150 suka rasu a wajen kwasar man tankar da ta kife. Allah Ya jiƙansu. Shekara 26 cif bayan Jesse.

Sai maganar iskar gas ta CNG, wadda gwamnati ta fito da shirinta a 2023. A nan a kula, gas ɗin da direbobin tirela ke cewa, man dizal ne, wannan kuwa iska ce da ake matsawa cikin tukunya. Waɗanda suka juya motocinsu suna cewa kuɗin da suke kashewa ya ragu ƙwarai. Matsalar biyu ce. Kuɗin juyawar dubban ɗaruruwa ne, wani ya haura miliyan, wanda ɗan balas ba shi da su in ba a yi masa kyauta ko bashi ba. Sannan gidajen sayar da ita kaɗan ne a Arewa, bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano da aka fara a 2020 an daɗe ana jiransa. Gargaɗi ɗaya: matsin CNG ya ninka na tukunyar girki sau da yawa, tukunyar da mai walda ya haɗa ba za ta riƙe shi ba. A Oktoban 2024 wata mota mai irin wannan tukunyar ta tarwatse a wani gidan gas a Benin ta jihar Edo, mutane suka ji munanan raunuka.

Wani abin da nake so mu riƙe a matsayinmu na matasa shi ne, tun da aka cire tallafi, kason da jihohi ke karɓa daga asusun tarayya duk wata ya ƙaru sosai. A 1994 an ƙara kuɗin mai, mutane sun ga hanyoyin da aka gyara da allon PTF a gefensu. Yau muna da haƙƙin mu tambayi gwamnoninmu da 'yan majalisarmu: ina motocin bas masu araha, ina wuraren juya mashin zuwa gas, ina gyaran hanyar da ke cin taya da mai? Fasinja da direba suna ta zagin juna a kan naira ɗari a bakin titi, alhali ba ɗayansu ne ya sa farashin ba.

Ƙanina fa? Da gari ya waye Baba ya sa babbar riga ya ce ya kai shi wurin mai mashin ɗin. Suka zauna, Baba ya sa ƙanina ya zazzage lissafin yini a gaban mutumin kamar yadda ya yi mana. Mutumin ya ce shi ma bashi ne a kansa, amma ya rage wani abu a balas, ya kuma yafe masa na ranar Juma'a. Wata maƙwabciyarmu ta haɗa shi da gidaje uku masu 'yan makaranta. Har yanzu yana tuƙi. Ba wai ya wadata ba, akwai ranar da yake dawowa da abin cefane kawai, kuma yana tara kuɗin juya mashin zuwa gas a adashi, in mai shi ya yarda.

A nan za mu tsaya. In kai direba ne, na tasi ko bas ko tirela ko adaidaita, a Najeriya ko Nijar ko Kamaru, ka rubuto mana nawa kake shan mai a yini da kuma dabarar da ta fi yi maka aiki, za mu karanta wasu a shiri na gaba. Wanda kuma mahaifinsa ko kakansa ya yi tuƙi a zamanin layi, ya zauna da shi ya tambaye shi tun yana da rai. Allah Ya tsare direbobinmu da fasinjojinsu, Ya sawwaƙe mana. Sai mun haɗu a mako mai zuwa, wassalamu alaikum.